Yadda Na Ci Amanar Ɗalibin da Ya Kaɗa Mini Ganga a Madina

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni fili a wannan shafi, kuma a sakaya sunana, domin akwai wani bawan Allah a cikin labarin nan da na riga na tona wa asiri fiye da yadda zan iya gyarawa. A yi haƙuri da Hausata in ta karkace, a Madina aka haife ni, Larabci ya cinye rabin harshena.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ban yi aure ba, ina zaune da mahaifiyata a tsohon gidanmu da ke Harra ta Gabas, gidan da kakana ya gina bayan ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Mahaifina ya rasu, 'yan uwana mata duk suna ɗakunan mazajensu. Ina da ɗan shagon gyaran waya a Al-Azizya, daga gida sai shago sai masallaci. Mutanen unguwa sun san ni da shiru-shiru, har iyaye na yi wa 'ya'yansu misali da ni. Umma ce ta hana Hausa mutuwa a bakina, don in na amsa mata da Larabci sai ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ji ba. Abin da ba wanda ya sani shi ne abin da nake yi a ɗakin saman bene, inda a da muke jibge tsofaffin katifu.

Asalin abin daga wani ɗan Indunusiya ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a shagon da ke jikin nawa. Da zai koma ƙasarsu gaba ɗaya, ya bar mini jitar lantarki wadda fentinta ya kankare, da katin waya cike da wani irin kiɗa da ya ce sunansa fank. Kiɗa ne na samarin Turawa na shekarun baya, tun kafin a haife ni, mai sauri da hargowa, gajere, kafin ka gyara zama ya ƙare. Ya ce mini masu yin sa ba gwanaye ba ne, yara ne marasa aikin yi da haushi ya cika musu ciki, kuma in na iya kama wuri uku a wuyan jitar to na iya rabinsa. Gaskiya ya faɗa. Ban san abin da ya sa kiɗan ya shiga raina ba. Wataƙila don ni mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba, sai ga abin da ke ihu a madadina. Da na nemi ma'anar baitocin na ga wasunsu ba abin da zan iya furtawa ba ne, sai na yanke shawarar in riƙa maimaita kiɗan kawai, ba murya ko ɗaya.

Haka na fara. Ina jona jitar da kwamfuta, in toshe kunnuwana da abin sauraro, duk ƙarar tana cikin kaina, Umma a ƙasa ba ta jin komai sai bugun ƙafata a daɓe. In naɗi jitar farko, in dawo in ɗora ta biyu a kanta, in ƙara ta uku mai kaurin murya, ganga kuwa kwamfuta ke buga mini. Waƙa ɗaya ta minti biyu takan ci mini mako biyu. In na gama sai in saka a wani shafi da na buɗe ba suna ba fuska, hoton baƙaƙen duwatsun unguwarmu kawai. Masu saurare ba su da yawa, galibi dattawan Turawa ne da ke rubuto cewa na tuna musu da ƙuruciyarsu. Amma kusan kowa sai ya ƙara da cewa gangar ba ta da rai, an ji inji ne. Wannan magana ta riƙa ci mini tuwo a ƙwarya, domin na san gaskiya ce.

Ana nan wata rana da hantsi wani ɗalibi ɗan Najeriya ya kawo mini waya gilashinta ya tsage. Dogo ne, mai ɗan gemu, da farar jallabiya da hular zanna, littafi a hammata. Ina aiki ina sauraren abin da na naɗa jiya, sautin na ɗan fita daga abin kunnen da na ajiye a kan tebur. Can sai na lura yatsunsa na buga gilashin teburin, kuma ba bugun banza ba, yana bin kiɗan daidai, har yana cike guraben da injin ya bari. Da ya ga ina kallonsa sai ya janye hannun da sauri ya sa a aljihu, ya yi istigfari. Na yi masa magana da Hausa, ya ɗago da mamaki, muka yi dariya. Daga ranar muka ƙulla. Malam nake ce masa ko da yake shekara ɗaya ya ba ni, shi kuma ya ce mini ɗan uwa.

Na fara kai shi gida ranar Juma'a bayan an sauko daga Harami. Umma ta yi masa tuwo miyar kuka, ya ci har da hawaye, ya ce rabonsa da ita tun da ya bar gida. Ta ce masa daga yau nan gidansu ne. Ya riƙa yi mata bayanin hadisai da Hausa tana jin daɗi, ita kuma tana tambayarsa labarin garuruwan da ba ta taɓa gani ba sai a bakin iyayenta. Mun je Khaibar tare lokacin nunan dabino, a hanyar ne ya ba ni labarinsa. Mahaifinsa malami ne a wani gari a Filato, yana da makarantar Islamiyya da ya gina tun yana saurayi, kuma shi ake jira ya gama karatu ya karɓe ta. Yana sakandare ya koyi ganga a wurin 'yan faretin makaranta, daga nan ya zarce bin masu kiɗan biki a ɓoye, har aka kai wa mahaifinsa labari. Ya ce tsohon bai dake shi ba, kuka ya yi a gabansa, shi kuma ya ɗora hannu a gwiwarsa ya yi alkawarin ya bar ganga har abada. Shekara takwas ke nan bai taɓa sandar ganga ba.

Duk wannan na ji shi da kunnena, amma abin da zuciyata ta riƙe shi ne na samu mai ganga. Na sa aka kawo mini gangunan lantarki na gwanjo daga Jidda, irin na roba da ba sa ƙara sai a kunne, na kafa su a ɗakin sama. Na ce masa ni zan koya, ya dai nuna mini yadda ake riƙe sanda. Ya ƙi, na bari, na sake tayarwa bayan mako guda. Na riƙa kawo masa hujjoji iri-iri, har da cewa wannan ai roba ce ba fata ba, shi da yake karatun fiƙihu yana dariyar fatawata. Wata Alhamis bayan la'asar na zauna a gabansa ina bugawa a karkace da gangan. Ya jure, ya jure, sai ya ce in tashi in gani. Minti biyun da ya yi a kan kujerar nan ban taɓa jin irinsu ba. Da ya gama ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce:

"Ɗan uwa, zan taya ka, amma sauti kawai. Ba fuskata, ba sunana, ba ko tarina. In wannan ya isa gida na mutu a tsaye. Amana ce."

Na ce, "Wallahi Malam, ko Umma ba za ta sani ba."

Mun yi wata biyar a haka, kowace Alhamis daga la'asar zuwa kiran magariba. Muka naɗi waƙoƙi tara. Shi bai san masu su ba, bai ma damu ba, sau biyu zai saurara ya ce mu je. Wani lokaci ya saka wani salo na kiɗan garinsu a tsakiya, abin ya zauna daram kamar da shi aka yi waƙar. In an kira salla mu sauko mu yi alwala, ya ja mu, wani lokaci in ji muryarsa na rawa a karatu. Na san yana fama da zuciyarsa, sau biyu ya ce wannan ne na ƙarshe, ni kuma in ce saura ɗaya. Masu saurare suka ƙaru, kowa na tambayar wane ne sabon mai gangar. Da na rubuta cewa daga Madina muke, sai aka yi ta ƙaryata ni, wani ya ce in gaskiya ne in nuna.

Akwai abin da Malam bai sani ba. A zamanmu na bakwai na jingine wayata a kan kantar ɗakin, tsakanin kwalaye, na ɗauke shi bidiyo. Na gaya wa kaina don in koyi yadda hannunsa ke tafiya ne. Amma da na kalla na san abin da ke hannuna. Ga mutum da jallabiya fara tas da hula da gemu, yana dukan ganguna kamar zai farfasa su, yana dariya irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Na san duk wanda ya gani sai ya tura wa wani. Na yi makonni ina kallo ina rufewa. Rannan a shago, da azahar ba ciniki, na yanke hoton ya rage daga wuya zuwa ƙasa, na ce ai ban nuna fuska ba. Sai dai a ƙarshe sanda ta suɓuce masa, ya sunkuya ɗauka, fuskarsa ta fito sarai na ɗan lokaci. Na gani. Ina so mai karatu ya san na gani, ba kuskure ba ne. Na san wurin ne ya fi daɗin kallo, na bar shi. Sannan na rubuta a ƙasa cewa ɗalibin ilimi ne a Madina, na saka.

Kwana biyu ina cikin farin cikin da ban taɓa yi ba, wayata ba ta daina motsi. A rana ta uku na ga bidiyon a wani shafin Hausa, an tsayar da shi daidai inda fuskar ta fito, an zagaye ta da jan layi, an rubuta wai ga abin da ake tura su Madina su koyo. A ƙasa mutane na ta zagi, wasu na dariya, har wani ya rubuta sunan garinsu da na makarantar mahaifinsa. Na goge nawa nan take, amma ya riga ya shiga hannun da ba zan iya ƙirgawa ba.

Da yamma ya shigo shagon. Bai yi faɗa ba, ya zauna a kan kujerar masu jira, leɓɓansa sun bushe, ya tambaye ni yadda aka yi. A nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na ce masa na ɗauka ne don koyo, na yi kuskuren rashin gaya masa, amma wani ne ya yi mini kutse a shafi ya kwashe abin da ke wayata ya saka. Na yi ta jero masa kalmomin sana'armu da na san bai sani ba. Ya yarda, don a wurinsa ni ne masanin waya. Har ya dafa kafaɗata ya ce kada in ɗora wa kaina, shi ya zauna a kan kujerar gangar da ƙafafunsa, ba wanda ya ɗaure shi.

Abin da ya biyo baya a gabana aka yi shi. Mahaifinsa ya aiko a gaya masa kada ya sake kiran wayarsa. Abokan karatunsa ba su ce masa komai ba, amma waɗanda ke zuwa ɗakinsa bita suka ɗauke ƙafa. Da can in alhazan jiharsu sun zo shi ake nema ya zaga da su wuraren ziyara yana yi musu bayani, wannan shekarar ba wanda ya neme shi. Da hutu ya je gida ya durƙusa, tsohon ya ce ya yafe, amma ya riga ya damƙa makarantar a hannun ɗan ƙaninsa, domin iyayen yara sun ce za su kwashe 'ya'yansu. Gidan da aka yi masa maganar aure su ma suka ce a dakata, dakatawar da ba a sake tayar da ita ba. Ya dawo shekararsa ta ƙarshe ya rame, jallabiyar na yawo a jikinsa. Duk da haka bai fasa zuwa gaida Umma ba, kuma ni ne wanda yake kawo wa kukansa. Ina zaune ina ba shi haƙuri, ina tsine wa ɓarawon da babu shi.

Umma ce ta kama ni. Labarin ya iso mata ta bakin matan unguwa, ba ta ce komai ba sai wata Juma'a da ya tafi ya bar tuwonsa ko rabi bai ci ba. Tana kwashe kwanuka ta ce ita ba ta san waya ba, ba ta san kutse ba, amma ta san ɗan da ta haifa, kuma tun ranar da abin nan ya faru ban ƙara kallon yaron nan a ido ba. Ta ce in gaya mata gaskiya. Na gaya mata. Ta zauna a bakin tabarma, sannan ta ce ita ce ta ce masa nan gidansu ne. Ta ba ni zaɓi, ko in faɗa masa kafin ya bar Madina, ko ita ta faɗa. Ta yi kwana tara ba ta amsa gaisuwata da Hausa, sai da Larabci, kamar baƙo.

Na yi ta ɗagawa har ranar tafiyarsa ta zo. Da safe na ɗauke shi a mota zuwa filin jirgi, akwatunansa biyu da kwalin littattafai a baya. Yana ta yi mini godiya, yana cewa in ban da ni da Umma da bai iya ƙarasa shekarar nan ba. Na kasa jurewa, na gangara gefen titi na tsaya. Na ce masa babu wani kutse, ni na saka, da hannuna, kuma na ga fuskarsa ta fito na bari. Ya kalle ni kamar bai fahimci Hausar ba. Sai da na maimaita. Ya juya yana kallon titi, motoci na wucewa, can ya ce a hankali:

"Ɗan uwa, ka san shekara guda ke nan ina kai ƙarar wanda ya yi mini wannan? A cikin Harami, goshina a ƙasa. Babu irin abin da ban roƙa a kansa ba. Kuma a sujada ɗaya nake roƙa maka alheri."

Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce, "Buɗe mini but ɗin motar."

Ya sauke kayansa da kansa a bakin titi, ya ƙi in taɓa ko kwalin. Ya tare tasi ya shiga. Na bi su a baya har filin jirgi, na tsaya daga nesa ina kallo ya shige, bai waiwayo ba.

Bayan wata huɗu saƙon murya ya shigo wayar Umma, ba tawa ba. Ya gaishe ta da kyau, ya tambayi ƙafarta, sannan ya ce ta gaya mini ya janye addu'o'insa, ya yafe iyakar abin da zuciyarsa ta iya, sauran yana roƙon Allah ya taimake shi a kai. Ya ce shi ma yana da nasa laifin tsakaninsa da mahaifinsa, wannan ba nawa ba ne. Amma ya roƙi kada in neme shi. Na ji yanzu yana wani gari da ba nasu ba, yana koyar da Larabci a wata ƙaramar makaranta. Na rubuta wa mahaifinsa doguwar takarda na bayyana cewa ni na ja shi, ni na ɗauke shi bai sani ba, ban samu amsa ba, ban kuma san ko ta isa ba. Na rufe shafin, na ba da gangunan. Bidiyon kuwa bai mutu ba. Duk bayan 'yan watanni sai wani ya tono shi ya sa masa sabon rubutu, in gani a wayar mai kawo gyara, yana dariya yana nuna mini, bai san a saman gidanmu aka ɗauka ba.

Ban rubuto don in yi hukunci a kan kiɗa ba, wannan na bar wa malamai. Abin da na sani shi ne mutum ya gaya mini inda rauninsa yake, na bi ta nan na ja shi don biyan buƙatata, sannan na miƙa shi ga duniya don mutanen da ban taɓa gani ba su ce na iya. Yabon bai kai mako ba, shi kuwa har yau yana biya. Kuma da na faɗi gaskiya a ranar da ya zauna a shagona, da aƙalla bai shekara yana kuka a kafaɗar wanda ya cuce shi ba.

Ina kira ga 'yan uwana matasa, musamman masu saka abubuwa a shafuka. Wanda ya saki jiki a gabanka har ya yi dariyar da ba ya yi a waje, ya ba ka amana ne ko bai furta ba. Kada ka ɗauke shi bai sani ba, kada ka ce ai ɗan kaɗan ne ya fito, domin masu neman fuska za su same ta. In abokinka ya ce ya bar wani abu, ka taya shi bari, ko da kai kana ganin ba komai ba ne, don ba kai za ka tsaya gaban iyayensa ba. In kuwa ka riga ka yi ɓarnar, ka faɗa da bakinka tun ranar, kafin ƙarya ta hau kai. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in bidiyon wani mai farar jallabiya yana kaɗa ganga ya iso wayarsa, ya goge shi kada ya tura. Wannan kaɗai ne abin da ya rage da zan iya yi masa.